Akwatin Delu Mai Sakaina

"Sake shi, na ce! Sake shi, ɗan marar kunya!"

Goggo Hapsatu ta riƙe mariƙin akwatin da hannu biyu, ɗan sanda ya riƙe ɗaya mariƙin yana ja, gindin akwatin yana kartar dokin ƙofar ɗakin Delu. Ta haura sittin, amma hannun da ya shekara talatin yana juya gawar mata a unguwar Hausawa ta Nubel, cikin birnin Duwala, ba hannun wasa ba ne. Sai da ɗan sanda na biyu ya zo ya ƙwala mata kulki a yatsu sannan ta saki.

"Mami, komot!" ya daka mata tsawa, yana nuna mata hanya da kulkin.

"Uwarka ce Mami. Ni a gidanmu nake, kai ne za ka fita."

Ta waiga tana neman mai jin Hausa, sai ga Jibirilla tsaye a ƙofar gida cikin kakin ofis, da littafi a hammata. Ɗan unguwa ne, shi ke yi wa Baturen 'yan sanda tafinta. Sai kallon ƙasa yake yi kamar wanda ya yar da allura.

"Kai Jibirilla, ɗago ka dube ni. Gaya wa mutanen nan abin da ke cikin akwatin nan."

"Goggo, umarni ne daga sama. Gida-gida ake bi. Duk inda aka ga takardun 'yan tarzoma, an ce a kwashe."

"Waɗanne takardu? Adon akwati ne, ba ka da ido? Likkafanin baiwar Allah ne a ciki, ga ta can kwance, ko yau ko gobe."

"Na sani, Goggo. Za a duba a dawo da shi."

"Au, ka ma sani? Ni na wanke uwarka, Jibirilla. Da wannan hannun da aka fasa yanzu a gabanka."

'Yan sandan suka ɗauki akwatin, suka tsallake kwatamin ƙofar gida, suka jefa shi bayan mota kamar buhun gawayi. Ana yayyafi. Goggo Hapsatu tana gani ɗigon ruwa ya fara sauka a kan zanen murfin.

Daga cikin ɗaki wata murya ta fito, siririya kamar zare.

"Hapsatu, kayan tafiyata suka ɗauka?"

"Aro suka yi. Kwanta abinki, zan karɓo."

Wai takardun tarzoma! Delu da ko kaza ba ta iya kora da ƙarfi. Duk Nubel an san ta, doguwar tsohuwa mai soya makala, irin fanken nan, a bakin layin dogo, ba ɗa ba jika, ba dangin iya ba na baba a Duwala. Ɗakinta na katako yana kallon na Goggo Hapsatu, tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya, shekara ashirin da biyu suna faɗa a kan igiyar shanya suna shiryawa a kan goro.

Abu ɗaya Delu ta mallaka da ba na sayarwa ba. Mijinta Alhaji Zailani da ƙafa ya je Makka, shekara bakwai tafiya da dawowa, ya dawo ba jaki ba kaya sai farin yadi yanki biyu da ya tsoma a ruwan Zamzam da hannunsa ya shanya a can. Ɗaya da shi aka rufe shi. Ɗayan na Delu ne. Ba ta taɓa bari ruwan Duwala ya taɓa shi ba. Da farko a kwando take ajiye shi, amma garin nan ba ya barin komai, in laima ba ta ci ba gara ta ci, in gara ta bari ɓera ya ƙarasa. Shi ya sa bara ta je wajen 'yan gwanjo ta dawo da akwatin ƙarfe na wani tsohon soja, duk tsatsa, an rubuta suna da lamba da farin fenti a murfin.

"Wannan kika sayo?" Goggo Hapsatu ta ce mata ran nan. "Ko akuya ba ta cin dusa a ciki."

"Ki bar ni da shi. Ba dai zan sa yadin Alhaji a ƙarƙashin sunan wani ƙato ba."

Uwar Delu mai zanen ƙwarya ce a Garwa, hannun kuma bai ɓace ba. Ta kankare tsatsar da yashi da ɓawon kwakwa. Ta bi gidaje tana roƙon fasassun ƙoren da aka yar, ta zauna da 'yar wuƙa tana sassaƙa sakaina ɗaya-ɗaya: wannan dagi, wannan ƙafar kaza, wannan ƙadangare, wannan jinjirin wata. Ta dama bula mai kauri domin shuɗi, ta daka goro domin ja, ta kankaro baƙin gindin kaskonta ta haɗa da ƙaro domin baƙi. 'Yan dakon bakin ruwa masu sayen makalarta suka riƙa kawo mata takardar buhun siminti. Sai ta shimfiɗa takarda a kan faifai, ta dangwala sakaina a tawada ta danna, ta ɗaga, ta danna, jeri bayan jeri, ta shanya a igiyar da ake faɗa a kanta. In sun bushe ta yayyanka, wasu dogaye wasu masu kusurwa uku, ta dama kokon rogo ta liƙa, wannan ya hau bakin wancan, har akwati ya koma kamar ƙwaryar amarya. Mata daga wasu gidaje suke zuwa kallo.

Saura cikin murfi takardar siminti ta ƙare. Sai wata safiya ta fita da kaskonta ta tarar an watsa fararen takardu a bakin layin dogo, masu santsi, gefe ɗaya rubutu gefe ɗaya fari tas. Ta tsince su cikin zane ta dawo tana murna. Kuma ba ta yi gaban kanta ba. Takarda dai, a saninsu, tambaya ɗaya ake yi a kanta. Ta kai wa Liman Hamadu guda ɗaya ta ce, "Malam, duba mini, akwai sunan Allah a nan?" Ya juya ta sama ya juya ta ƙasa ya ce, "Rubutun Nasara ne wannan, ba komai a ciki, yi aikinki." To ta yi aikinta. Wasu ma ta liƙa su rubutun yana waje, wai jerin baƙaƙen yana mata kyau kamar tururuwa sun ɗauko abinci. Ragowar ta ninke ta ajiye a gindin akwati.

Wannan shi ne laifin Delu, duka-duka. Da gari ya rikice aka yi harbe-harbe da ƙone-ƙone, aka shiga bin gidaje, sai a kanta abin ya ƙare, tana kwance wata biyu ƙirji ya hana ta tashi.

A ranar da aka ɗauke akwatin Goggo Hapsatu ta ɗaure yatsunta da tsumma ta je ofishin 'yan sanda, aka ce Bature ya tafi cin abinci. Ta koma da la'asar, aka ce ya tashi. Kashegari ta je ƙofar mai unguwa, ya ce mata lokacin nan ba na ɗaga murya ba ne, a yi haƙuri ƙura ta lafa.

"Ranka ya daɗe, ka aika wa Mala'ikan mutuwa ya jira ƙura ta lafa."

Fadawa suka yi mata ca. Ta kaɗe zanenta ta fito.

A rana ta uku da hantsi ta shiga ɗakin Delu da kunu. Rakiyatu, matar mai ɗinki da ke ɗakin ƙurya, tana zaune tana yi wa marar lafiya fifita. Inda akwatin yake a da, a ƙarshen gado, ƙasa ta yi fari, shatinsa ya fito sarai. Can idon Delu yake.

"Sha kunu."

"Kin sa tsamiya da yawa. Kullum sai kin sa da yawa."

"Ko kurɓa ba ki yi ba, ya aka yi kika sani?"

"Shekara ashirin da biyu ina sha." Ta yi dariya, dariyar ta zama tari. Da ya lafa ta ce, "Ba su ba ki ba ko?"

"Yau za su ba ni."

"Ƙarya ba ta yi miki kyau, Hapsatu, bakinki na zagi ne." Ta lalubo hannun Goggo, ta ji tsumman, ta riƙe a hankali. "An ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ni na fafe nawa tun da wuri, ga shi an ɗauke goran. Alhaji ya ce mini, in kin zo da irin nawa zan gane ki."

"Zai gane ki ko a buhu aka kawo ki. Wa ke da dogayen ƙafafu irin naki?"

"Ban da wasa. Kada ki bari a sa mini na kanti."

"Ba za a sa ba."

"Ki rantse."

"Ke, ni sa'arki ce? Na ce ba za a sa ba."

Delu ta saki hannun. Ta ce a ɗan buɗe taga, Rakiyatu ta tura katakon da sanda. Jirgin ƙasa yana wucewa, kwanon rufi yana rawa. Goggo Hapsatu ta ga yadda numfashin ya koma, ta san shi, ta gan shi ya fi a ƙirga. Ta ajiye kunun, ta matso kunnenta tana karanta mata kalmar shahada. Leɓen Delu ya bi ta sau biyu. Kafin ƙarar jirgin ta gama ɓacewa an gama.

Goggo ta shafe mata ido, ta ɗaure haɓar, ta miƙe ƙafafun, ta ja zane ta rufe. Rakiyatu ta fara kuka.

"Yi a hankali. Ki ɗora ruwa, ki samo ganyen magarya. Kada kowa ya taɓa ta sai na dawo."

Kafin ta gama ɗaura gyale maza sun taru a ƙofar gida, an shimfiɗa tabarmi. Liman Hamadu ya aiko a kira ta. Ta fito ta durƙusa daga nesa, iyakar ladabin da za ta iya ke nan a ranar.

"Hapsatu, Allah ya ji ƙanta, ya ba mu haƙuri. An tafi haƙa. Ki yi mata wanka, za mu aika kanti a yanko yadi, a sallace ta bayan azahar."

"Tana da likkafaninta, Malam."

"Yana hannun hukuma. Ba a jinkirta gawa saboda ƙyalle, balle a zafin garin nan. Fari dai fari ne."

"Fari fari ne? To me ya kai Alhaji Zailani Makka da ƙafa, da bai tsaya kanti ba?"

"Aikin mutum ke bin sa kabari, ba yadi ba."

"Wannan kai ka sani, kai ke da littafi. Ni abin da na sani, ta ce kada a sa mata na kanti, na ce to. Kuma Malam, ba kai aka kawo wa takardar nan ba? Ba kai ka ce ba komai a ciki ba?"

Maza suka sunkuyar da kai. Wani ya ce, "Haba Goggo, Liman ne fa."

"Na san shi tun bai yi gemu ba."

Liman Hamadu ya ja carbinsa. Mutum ne mai gaskiya, abin ya cije shi.

"Tambayar da ta yi mini na amsa," ya ce. "Ban san akwai wata tambayar ba. Je ki. Amma in aka kira la'asar ba ki dawo ba, zan sa matata ta wanke ta, a sa abin da ya samu. Hakkin gawa ne."

Ta koma ɗakin Delu ta jawo ƙaramin kwandon da ke ƙarƙashin gado, wanda sakainun suke ciki, ta ɗora a kai ta kama hanya.

Ruwa ya sauka da safe, hanya ta zama kunu. Ta ratsa ta gefen kasuwa inda rumfuna suka ƙone, ƙaurin bai gama tafiya ba, motocin soja suna wucewa suna watsa wa mutane caɓi. A matakalar ofis mai gadi ya gitta mata bindiga. Shi ne mai kulkin nan.

"Mami, yu egen?" ya ce, wai ita ce kuma ta sake dawowa.

Ba ta ko dube shi ba. Ta ɗaga murya yadda za a ji ta har kasuwa.

"Jibirilla! Jibirilla ɗan Sabuwa! Fito, Delu ta mutu!"

Masu jiran layi a baranda suka juyo. Jibirilla ya fito da sauri, alƙalami a kunne.

"Inna lillahi. Goggo, yaushe?"

"Da hantsi. Shiga ka gaya wa maigidanka, in bai ba ni likkafanin nan ba, gawar zan sa a ɗauko. A nan barandar zan wanke ta, a nan za ta kwana, shi ya nemo abin da zai rufe ta da shi."

"Goggo, ba a faɗa wa Bature haka."

"Yau za a faɗa. Kuma ka juya masa duka, kada ka rage gishiri. Ba na jin bakinsu, amma ina jin tsawon magana."

Ko me ya faɗa a ciki, Allah masani. Aka dai shigar da ita.

Komiser, shugaban 'yan sandan, jan Bature ne mai sanƙo, rigarsa ta jiƙe da gumi, fanka tana juyawa a kansa ba ta tsinana komai. Ba shi ta fara gani ba. Teburin ta gani. An ɓamɓaro aikin Delu da wuƙa, an jera shi yanki-yanki, an danne da duwatsu, kowane yanki da 'yar lamba a gefe. Wata uku na zaman tsohuwa a tsakar gida. Akwatin yana ƙasa a gefen bango tsirara, sunan sojan ya sake fitowa.

Baturen ya ɗauki wani yanki mai dagi shuɗi ya yi magana.

"Ya ce ya yarda tsohuwa ba ta iya karatu ba," in ji Jibirilla. "Amma wannan alamar ta fito sau tamanin da huɗu, ya ƙirga. Hatimin wace ƙungiya ce? Wa ya kawo mata? In kin faɗi suna za a ba ki kayan."

"Ya ƙirga?"

"Ya ƙirga, Goggo."

"Kwana uku yana ƙirgar dagi, mace tana mutuwa tana kallon inda akwatinta yake?"

Ta sauke kwandon a kan teburin, a kan takardunsa. Mai gadi ya yunƙuro, Baturen ya ɗaga masa hannu. Ta tona ta ɗauko sakaina ɗaya, ta ga ɗan kwalin tawadar da suke dangwala hatiminsu, ta dangwala, ta danna a kan farar takardar da ke gabansa. Ta ɗaga. Dagi ya fito, har da 'yar tsagar da ke kusurwa, daidai da wanda ke hannunsa.

"Ga shugaban ƙungiyar. Ƙwaryar furar Rakiyatu ce, akuya ta taka." Ta ɗauko wata ta danna. "Ga mataimakinsa, ƙadangare. Ga ƙafar kaza, ita ma a kama ta."

Baturen ya ɗauki sakainar, ya juya ta, ya ga ɓawon duma, ya gwada da kansa a takarda. Sai ya tuntsire da dariya. Ya kira wani Bature daga ɗaki na gaba ya nuna masa, suka haɗu suna yi, har da dukan tebur. Da zaginta ya yi da ya fi mata sauƙi.

"Ya ce ki ɗauki akwatin da yadin. Takardun za su zauna a nan. Yana so ki bar masa ƙadangaren, zai kai wa matarsa."

Ta miƙa hannu ta zare sakainar daga yatsun Baturen ta mayar kwando.

"Ka ce masa na marigayiya ne, ya je ya roƙe ta. Ka kuma tambaye shi, wa zai ba ta haƙuri? Wa zai mayar da abin da aka kankare? Wa ya fasa mini hannu?"

Jibirilla bai juya wannan ba. Ya ce a hankali, "Goggo, an kira azahar tun ɗazu."

Ta buɗe akwatin, ta ga farin yadi a ninke, ta rufe. Ta sa kwandon a ciki, ta naɗa gammo da gyalenta. Jibirilla ya sunkuya zai kama mata.

"Kada ka taɓa."

Ita kaɗai ta kai shi ka. Haka ta ratso Nubel, tsohuwa da akwatin soja, wuya yana rawa, mutane suna ba ta hanya.

Ta tarar da ruwa ya yi ɗumi, magarya tana ciki. Ita da Rakiyatu suka sakaya ƙofa suka yi wa Delu wanka, dama kafin hagu, sau uku, ba mai magana sai abin da ake karantawa. Suka tsefe mata kai suka yi kitso uku. Sannan Goggo ta wanke hannu, ta yi bisimilla, ta ɗauko yadin. Ƙamshin turaren da Delu take sa masa duk Juma'a ya cika ɗakin. Tun da daɗewa Delu ta yanka shi ta ɗinke, zane da riga da kallabi da manyan mayafai, daidai tsawonta, ba ragi ba ƙari. Suka warware babban mayafin.

Rakiyatu ce ta fara gani. Ta dafe baki.

A gefen da zai rufe fuska, hatimin ofis ne zagayayye, shuɗi mai duhu, faɗinsa ya kai tafin hannu, an rubuta lamba da alƙalami a ƙarƙashinsa.

Goggo Hapsatu ta tsaya tana kallonsa. Sannan ta naɗe gefen a hannu, ta buɗe ƙofa ta fito har bakin zaure. Maza sun cika tabarmi, makara tana jingine. Jibirilla yana can ƙarshe, ya sauya kaki ya sa riga da hula.

"Wa ya yi wannan?"

Ta ɗaga yadin sama.

"Na ce wa ya buga wa Delu lamba?"

Jibirilla ya miƙe. "Doka ce, Goggo. Duk abin da ya shiga ofis sai an buga masa."

"Ban tambaye ka doka ba. Hannun wa?"

"Nawa." Ya matso gaba. "Baturen tsakiya ya nuna mini. Ni na kai shi gefe. Ban san nan ne wajen fuska ba."

Ta buɗe baki, duk unguwa ta san abin da ke fitowa daga bakin nan, aka yi tsit ana jira. Ta dube shi, ta rufe bakin.

Liman Hamadu ya ce, "Hapsatu, tawada ba najasa ba ce. A sa mata haka, Allah ya san nufinta. La'asar ta kusa."

"Ba za ta je gaban Ubangijinta da lamba a fuska kamar buhun koko a bakin ruwa ba."

"A wanke wurin mana," in ji Rakiyatu daga bayanta.

"A wanke Zamzam ɗin da ruwan rijiyarmu? Shekara nawa tana ɓoye shi daga ruwan nan?"

"To a yanke," wani ya ce.

"A bar fuskarta a buɗe?"

"A aika kanti a samo ɗan ƙyalle a toshe."

"Na ce mata ba na kanti."

Ta juya ta shige nata ɗakin. Aka ji tana jan wani abu daga ƙarƙashin gado. Ta fito da ƙunshi a tsohon zane, ta shiga wurin gawa ta sakaya ƙofa. Rakiyatu ta ga ta kwance ƙunshin, ta gane ko mene ne.

"Goggo, likkafaninki ne fa!"

"Na wa kike so ya zama? Auduga ce ta garinmu, uwata ta kaɗa zaren, ba ta taɓa ganin kanti ba. Miƙo aska."

Ta zagaye hatimin da aska ta cire shi, ta bi bakin tawadar sosai don kada ta yi asarar ko zare ɗaya na Zamzam. Ta ɗora yankin a kan nata likkafanin ta auna, ta yanko daidai shi da ɗan ƙari. Ta zaro zare daga bakin yadin, Rakiyatu ta zura mata a allura don yatsun sun kumbura. Ta zauna a ƙasa kusa da kan Delu tana ɗinki, allura tana zamewa tana sake kamawa.

"Kin ga abin da kika ja mini," ta ce wa gawar. "Kullum sai kin ci mini wuri. Igiya ma haka kika yi mini."

Ladan ya fara kiran la'asar tana cizge zaren da haƙori. Suka sa wa Delu zane da riga da kallabi, suka naɗe ta, facin ya sauka daidai kan fuska. Farin bai zo ɗaya ba, na Makka ya ɗan yi ja don daɗewa, na Goggo ya fi kauri. Ta shafa wurin da tafin hannu sau ɗaya, ta ɗaure kai da ƙafa, ta ce maza su shigo.

Da aka fito da makara ta tare Jibirilla a bakin zaure, ta danƙa masa yankin mai hatimi a hannu.

"Mayar wa maigidanka kayansa. Ka ce an gode, ba ta buƙata. Ka kuma ce masa gobe ina nan tafe, akwai sauran maganar da ba ka juya ba."

Ya dubi ƙyallen, ya sa a aljihu. Ya je ya sa kafaɗa a ƙarƙashin makarar, ba wanda ya hana shi.

Aka yi salla a ƙofar gida, aka ɗauka. Mata suka tsaya daga ciki suna jin takun maza a cikin caɓi har ya yi nisa. Rakiyatu ta shiga ɗora tukunyar masu zaman makoki.

Goggo Hapsatu ta ɗauko nata likkafanin. Ya sha laimar ƙasan ɗaki, ba ya naɗuwa haka. Ta yarfa shi a kan igiya ta baza, ta jawo kujera 'yar tsugune ta zauna, ta ɗora hannun mai ciwo a cinya. Iska tana ɗan kaɗa yadin. Ta cikin hujin tana hango tabarmar da aka yi wankan a kai, an jingine ta a bangon katako, ruwa yana ɗiga daga gefenta.